Dusar Etanol Da Shanun Tatsa: Abin Da Makiyayan Amurka Suka Gano Da Inda Ya Shafe Mu

Jawabin da kwamitin kiwo ya gabatar a zauren taro, Sabo, Ibadan

  

Jama'a, kowa a nan ya san da fataucin shanu da na goro kakanninmu suka kafa wannan unguwa a 1916. A wancan zamani saniya baƙuwa ce a ƙasar nan, a koro ta daga Arewa, ta kwana biyu a kara, ta wuce mahauta. Yau abin ya sake. Akwai 'yan'uwanmu da ke ajiye shanun tatsa a wajajen Fashola da Iseyin da Saki, suna kai madara wuraren da kamfani ke karɓa kowace safiya. To amma Jihar Oyo ta yi dokar hana yawon kiwo a 2019, Legas da Ogun suka bi sahu a 2021. Ko mutum yana son dokar ko ba ya so, abu ɗaya ya tabbata: saniyar da aka ɗaure wuri guda, kai ne za ka kawo mata abinci har bakinta, kuma da kuɗinka. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba yadda mutanen da suka daɗe da tsare shanu wuri guda suke amfani da ragowar masana'antu, kuma babban misali shi ne dusar etanol ta ƙasar Amurka.

Bari mu fara da shi kansa etanol ɗin. Wani ruwa ne mai kama da wuta da ake gauraya shi da man fetur, yawanci kashi 10 cikin 100. A 2005 Amurka ta yi dokar da ta tilasta wannan gauraye, ta ƙara faɗaɗa ta a 2007, sai masana'antu suka yi ta tsirowa a jihohin da ake noman masara, irin su Ayowa da Nebaraska da Ilinoi da Minisota da Dakota ta Kudu. A 'yan shekarun nan suna yin kimanin galan biliyan 15 a shekara, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na masarar ƙasar can take tafiya. Mu da muke tuƙa tuwo da masara, mu dama koko da ita, idan muka ji ana zuba ta a tankin mota sai jikinmu ya yi sanyi, kuma ba ma ganin wannan ɓangare abin koyi ne a ƙasar da buhun masara ke gagarar magidanci. Amma ba shi ya tara mu ba. Abin da ya rage bayan an cire etanol shi ne zancenmu.

Ga yadda ake yi. A niƙa masara, a dafa ta da ruwa, a zuba wasu sinadarai da ke mayar da sitacin cikinta sukari, sannan a sa yis a bar shi kwana 2 zuwa 3 yana cin sukarin yana mayar da shi etanol. Sai a dafa a janye etanol ɗin ta hanyar tururi. Abin da ya saura kamar kunu ne mai kauri. A tace shi da inji, a sami dusa mai laima gefe guda, ruwa-ruwan kuma a ƙafe shi ya yi kauri kamar maɗi a mayar cikin dusar. Wani a sayar da shi haka da laimarsa, wani a busar a cikin manyan ganguna masu juyawa. Busasshen shi ne ake rubuta wa DDGS a takardun ciniki. A lissafinsu, buhun masara mai kilo 100 yana ba da etanol wajen lita 40, da dusa wajen kilo 30, sauran kuwa iska ce ta tashi. Wato kusan kashi uku ke nan daidai wa daida. Dusar da suke samu a shekara ta haura tan miliyan 30, har suna fitar da ita zuwa Meziko da Koriya ta Kudu da Biyetnam da Turkiyya.

To a nan muke roƙon a saurara da kyau, domin duk sauran maganar a kan wannan ta rataya. Kashi biyu cikin uku na ƙwayar masara sitaci ne. Idan aka cire shi, duk abin da ya rage a cikinta ya ninka sau uku. Furotin, wato abin da ke gina jiki ya kuma kawo nono, a masara bai wuce kashi 9 ko 10 cikin 100 ba, a dusar etanol sai ya kai wajen 30. Mai yana wajen kashi 4, sai ya koma 10 zuwa 12. Kowa ya ji wannan sai ya ce ai an samu. Sai dai injin bai san mai kyau da marar kyau ba. Yadda ya ninka furotin, haka yake ninka duk wani aibi da masarar ta shigo da shi.

Mu fara da alherin. Masu bincike a jami'o'in can, musamman Jami'ar Jihar Dakota ta Kudu inda Farfesa David Schingoethe da abokan aikinsa suka shafe shekaru a kan wannan aiki, sun gwada dusar a kan shanun tatsa sau da dama. Abin da ya fito shi ne, saniya na iya cin ta har kashi 20 cikin 100 na abincinta, nono bai ragu ba, sau da yawa ma ya ƙaru, alhali an rage sayen masara da waken soya masu tsada. A lura, wannan kashi 20 ɗin ana lissafa shi ne bayan an fitar da nauyin ruwa daga cikin abincin. Dusar tana da ƙarfi kusan kamar masara ko da yake ba sitaci, domin ƙarfinta daga mai ne da kuma ɓawon da tumbin saniya ke iya narkarwa. Wannan ma wata fa'ida ce, don mun san abin da hatsi mai yawa ke yi wa saniya, ya tsamar mata da tumbi, ta yi zawo, ta ƙi abinci. Har ila yau, wajen rabin furotin ɗinta yana wuce tumbi bai lalace ba, ya isa hanji inda jiki ke tsotse shi kai tsaye, abin da saniya mai yawan nono take bukata ke nan. Raunin furotin ɗin shi ne ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wanda dama duk abin da ya fito daga masara ba ya da shi da yawa, shi ya sa ba sa barin waken soya gaba ɗaya.

Me ya sa aka tsaya a kashi 20? Dalili na farko maiƙon nono ne, kuma iyayenmu mata masu kaɗa nono su fitar da man shanu su ne za su fi gane wannan. Mutum zai zaci idan saniya ta ci abu mai mai, nononta zai ƙara maiƙo. Sau da yawa akasin haka ne ke faruwa. Man masara irin mai ruwa-ruwan nan ne, kuma ƙananan halittun da ke cikin tumbi sai sun sake masa kama kafin ya wuce. Idan ya yi yawa, kuma ciyawa ta yi kaɗan har tumbin ya fara tsami, aikin ba ya kammaluwa, sai a sami wasu sinadarai da ke bin jini su je hantsa su hana ta yin maiƙo. Ƙwarya ta cika, amma a kaɗa a rasa mai. A can kamfani yana biya ne gwargwadon maiƙo da furotin da ke cikin madara, saboda haka asara ce a fili. Maganin da suka samu shi ne kada ciyawa ta gaza rabin abincin saniya, kuma ta kasance mai tsawo wadda za ta sa ta tuƙa, ba niƙaƙƙiya ba. Dusar etanol ko da tana da ɓawo, garinta ya yi laushi, ba ta sa tuƙa. Suna da wani ma'auni mai sauƙi da ba ya bukatar ko sisi: ka shiga garke lokacin da shanu ke kwance suna hutawa, ka ƙirga. Idan fiye da rabinsu suna tuƙa, lafiya lau. Idan ba su kai ba, ciyawa ta yi kaɗan.

Daga wajajen 2012 yawancin masana'antun sun koma cire wani ɓangare na man suna sayarwa daban, sai man da ke cikin dusar ya sauko zuwa kashi 5 zuwa 9. Wannan ya rage matsalar maiƙo, ya kuma rage wa dusar ƙarfi. Suna ɗaya, kaya daban-daban, har makiyayin da ya san abin da yake yi ba ya sayen mota guda sai ya ga takardar gwaji.

Dalili na biyu farar wuta ce, wadda likitoci ke kira salfa. Masana'antar tana amfani da ruwan asid mai farar wuta wajen daidaita tsamin kunun da wanke tukwane, sai ta taru a cikin dusa, wani lokaci har ta kusa kashi 1 cikin 100. Iyakar da aka shata wa saniya a dukan abincinta kuwa wajen 0.4 ne, kuma ruwan rijiya ma yana iya ƙara nasa. Idan ta yi yawa sai ta zama iska mai guba a cikin tumbi, saniya ta yi gyatsa ta shaƙe ta, ta taɓa mata ƙwaƙwalwa. Za a ga dabba tana tangaɗi, ta makance alhali idonta garau, tana ɗaga kai sama ko tana dogara shi da bango. Wanda bai sani ba sai ya ce iska ce ta buge ta. Akwai kuma fosfaras da ya yi yawa alhali kalsiyam ya yi kaɗan, kuma saniyar da ake tatsa kullum kalsiyam take zubarwa a cikin ƙwarya, don haka suke ƙara garin farar ƙasa a abincin. Rarar fosfaras ɗin a kashi take fita. Su a can damuwa ce saboda tana gurɓata musu koguna, mu kuwa da gonakinmu ke kukan taki ba za mu kira shi matsala ba.

Yanzu mun zo kan abin da ya fi tayar mana da hankali, wato fumfuna. Masarar da ta sha laima a gona ko a rumbu tana yin fumfuna, wata irin fumfunar kuma tana fitar da dafi mai suna afalatoksin. Yis ba ya cin wannan dafi, wutar masana'anta ba ta kashe shi, saboda haka shi ma sau uku yake ninkuwa a cikin dusa. Idan saniya ta ci, hantarta tana sake masa kama kaɗan, wani ɓangare ya fito a cikin nono kafin kwana ɗaya ya cika. Ita saniyar tana iya zama garau a ido. Nonon ba ya sake launi, ba ya sake ɗanɗano, tafasawa ba ta kawar da dafin, mayar da shi kindirmo ma haka. Kuma wa ya fi shan nono a gidajenmu? Yara. Wannan dafi yana cin hanta sannu a hankali, yana cikin abubuwan da ke kawo sankarar hanta, ana kuma danganta shi da tsumburewar yara. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta yarda abincin shanun tatsa ya wuce kashi 20 cikin biliyan ba, madara kuwa 0.5 cikin biliyan, wadda ta wuce haka zubar da ita ake yi, ko da tanki guda ce. Ƙasashen Tarayyar Turai sun fi haka tsanani sau 10 a kan madara. Abin daɗin shi ne, idan aka janye gurɓataccen abincin, cikin kwana 3 zuwa 4 nonon yakan wanke.

Wani zai ce, to malam, mu ina muka ga dusar etanol? Gaskiya ne, etanol ɗin da ake yi a nan Kudu yawanci daga rogo ne, kuma ragowar rogo ba ta da furotin kirki, kada wani ya sayar muku da ita da sunan waccan. Amma muna da 'yan'uwanta, kuma muna saye kullum. Akwai dusar masana'antun giya na Legas da Ibadan, wadda tun da aka hana shigo da hatsin giya daga waje a 1988 suka koma amfani da dawa da masara. Akwai dusar koko da muke karɓa daga wajen mata masu yin ogi, wadda makwabtanmu Yarabawa ke kira eeri. Akwai tunkuza da dusar angurya. Dukansu hanya ɗaya suka biyo, an cire abu guda daga ƙwaya, sauran ya taru. Dusar giya tana da furotin da ya kusa na dusar etanol idan aka fitar da ruwanta, ita kuwa ta koko ba ta kai haka ba. Ta fuskar fumfuna ma mun fi Amurkawa zama cikin haɗari, saboda zafi da laimar ƙasar nan, kuma mun san halin kasuwa: hatsin da ya lalace har mutum ba zai ci ba, shi ake cewa a kai wa dabbobi. Tunkuza ta fi kowanne, don gyaɗa da fumfuna ba sa rabuwa. A nan Ibadan cibiyar binciken noma ta IITA ta fito da wani magani mai suna Aflasafe da ake watsawa a gonar masara da ta gyaɗa don rage wannan dafi tun daga tushe. Masu gona a cikinmu su nemi bayaninsa.

Mun san akwai tambayar da ke zukatan mutane tun da muka ambaci etanol da giya, kuma malamanmu suna zaune. Namu shi ne mu faɗi yadda abin yake. A masana'antar etanol, shi etanol ɗin shi ne ribarsu, don haka sukan janye shi ƙarƙaf, busarwa kuma ta kore ɗan abin da ya saura. A masana'antar giya kuwa ana tace dusar a fitar da ita tun kafin a zuba yis, wato kafin ruwan ya zama abin maye. Wannan shi ne zahirin kayan. Hukuncin yin ciniki da irin waɗannan wurare kuwa na malamai ne, muna roƙon su ba mu lokaci a zama na gaba.

Sai maganar ruwa, wadda a nan ne aljihu ke yin kuka ba a sani ba. Dusar etanol mai laima kashi 65 zuwa 70 cikin 100 ruwa ce, busasshiya kuwa ruwanta bai wuce kashi 10 zuwa 12 ba. Ta giya ta fi haka ruwa, takan kai 75 zuwa 80. Wato idan ka sayi kilo 100 na dusar giya mai laima, abincin da ke ciki kilo 20 ne zuwa 25, sauran ruwa ne ka biya kuɗinsa, ka kuma biya kuɗin mota aka kawo maka shi. Shi ya sa a Amurka sai wanda garkensa ke kusa da masana'anta yake sayen mai laima. Kafin ka ce wannan ta fi araha, ka raba kuɗin da ainihin abincin da ke ciki, sannan ka gwada da busasshiyar dusa. Bugu da ƙari, mai laima ba ta jira. A can da zafi ba ta wuce mako guda, a nan kuwa kwana 2 zuwa 3 ta fara tsami, samanta ya yi fumfuna. Akwai wani daga cikinmu da ya ga araha ya sauke mota guda don shanu 6, kafin mako ya zagayo rabi ya zama taki, ya yi ta kwashe na sama yana ba su na ƙasa har nono ya ja baya. Su Amurkawa sukan gauraya ta da tattaka ko yankakken kara, su danna a cikin dogayen buhunan roba su toshe iska. Mu ma muna iya yin haka da durom mai murfi, a danna sosai a rufe, ko a shanya ta siriri a kan tamfal idan akwai rana. Busasshiyar ma a dube ta, mai kyau launin zinariya gare ta da ƙanshi mai daɗi, wadda ta yi duhu tana warin ƙuna wuta ta ci furotin ɗinta.

To nawa za a ba saniya? Kada mu ɗauki mudun wani mu auna namu. Saniyarsu tana cin busasshen abinci wajen kilo 24 a rana, ta ba da madara lita 30 ko fiye, kashi 20 nata kusan kilo 5 ke nan. Bunajinmu mai nauyin kilo 300 abin da take ci bai wuce kilo 8 ba, don haka kashi ɗaya cikin biyar nata wajen kilo ɗaya da rabi ne na busasshiya. Idan mai laima ce irin ta giya, kilo 6 zuwa 7. Ba a fara mata da wannan a rana ɗaya, a soma da kaɗan a riƙa ƙarawa cikin mako 1 zuwa 2 har tumbi ya saba, a raba safe da yamma, ciyawa ko harawa tana gabanta kullum, da ruwa da gishirin lasa. A ganinmu inda wannan ƙari zai fi yi mana aiki shi ne da rani, daga Disamba zuwa Maris, lokacin da ciyawa ta bushe furotin ɗinta ya faɗi ƙasa da kashi 7 da halittun tumbi ke bukata kafin su iya narkar da ita. A lokacin ɗan kilo ɗaya da rabin nan ne ke sa saniya ta ƙara cin busasshiyar ciyawar kanta. Sai dai kada a sa rai Bunaji mai ba da lita 1 zuwa 2 za ta koma ta Turawa don an cika mata kwano. Ruwa-biyu da aka haɗa da irin waje su ne suka fi mayar da kuɗin dusa, in an kare su daga sammore.

Ranka ya daɗe, shawarar da kwamiti yake kawowa gaban taro ita ce, masu shanun tatsa da ke kusa da juna su haɗa kuɗi su riƙa sayen mota guda su raba a ranar, kowa ya ɗauki abin da zai ƙare cikin kwana 2, kuma a wakilta mutum ɗaya da zai riƙa duba kayan, ya sa hannu ya shinshina kafin a sauke. Sakatare yana da takarda a bakin ƙofa ga mai son sa sunansa. Nan za mu dakata, mai tambaya bismilla.